Ƙafafu a Bakin Gonar Citta

A gidanmu kowa da abin da ba ya yi, kuma ko za ka yanka shi ba zai yi ba. Mama ba ta sayen komai ranar Lahadi. Ko gishiri ne ya ƙare sai dai mu sha miya lami, tana kallonmu muna yamutsa fuska, ta ce ba ta taɓa jin wanda rashin gishirin yini ɗaya ya kai asibiti ba. Yayana ba ya hawa mashin ɗin yaron da ya toshe kunnuwansa da waya, ya gwammace ya taka daga tasha har gida da kaya a ka. Maƙwabciyata a Kafanchan, wata tsohuwa Inyamura da mijinta ya yi aikin jirgin ƙasa har ya mutu, ba ta sayen agushi sai wanda aka niƙa a gaban idonta. Ni ma ina da nawa. Ba na taya kayan tsohuwa a kasuwa, abin da ta faɗa shi nake biya, ko da na san ta yanke ni. Waɗannan duk ƙananan taurin kai ne, a yi dariya a wuce. Na Baba ne ba na iya yi wa dariya har yau.

Baba manomin citta ne a ƙauyenmu, can bayan Kwoi, inda mota ba ta shiga da damina sai mashin. Irin da yake shukawa tafin giwa ne, mai kauri, mai ƙamshi, kuma daga hannun kakanmu ya zo, bai taɓa yankewa ba. Duk kaka, kafin a tsaga citta a shanya, sai ya zauna da kansa ya ware masu lafiya, ya tara a gindin mangwaro, ya rufe da ciyawa har ruwa ya sauka. Bai taɓa sayen iri a kasuwa ba, wai bai san hannun da ya fito ba. Bai taɓa sayar da nasa ba kuma. In kana so ka zo da kwandonka ya ɗiba maka. Ba ya ɗaukar ɗan ƙwadago. Aikin gonarsa na gayya ne: a dafa fate da wake da riɗi, a dama kunu, mutanen ƙauye su yi masa yau, gobe shi ma ya je na wani.

Amma babbar dokarsa ita ce ba ya tsayar da mutum a ƙofar gidansa ko a bakin gonarsa. Mahaukaci ne, mashayi ne, mai ƙuraje ne, shigo kawai. Sau ɗaya ya taɓa gaya mana dalili. Yana yaro kakanmu ya ɗora masa doya suka tako har Kafanchan. Ƙishi ya kama shi, ya roƙi ruwa a wani gida. Aka ce ya tsaya a waje, aka miƙo masa. Da ya gama sha, matar gidan ta ƙi karɓar kwanon daga hannunsa, ta ce ya ajiye a ƙasa, ta sa aka zuba toka aka goge a gabansa, aka ɗauraye, aka sake gogewa. Bai taɓa faɗa mana wane gida ba ne, kuma ba ya son a yi zancen. Ya dai ce tun ranar ya ɗaukar wa kansa alkawari, ba ɗan Adam ɗin da zai ji kansa ƙazanta a wurin da yake da iko.

Ni koyarwa nake yi a wata firamare a Kafanchan, don haka Baba in yana son ya ja ni sai ya ce mini Malama. A shekarar da nake ba da labari, kafin a ba da dogon hutu na fara jin wata magana a kasuwa. Mata masu kawo kaya daga wajenmu suna ta ce wa juna citta tana mutuwa a tsaye. Ban ɗauke ta da nauyi ba. Manomi kullum da kukansa, in ruwa ya yi yawa kuka, in ya yi kaɗan kuka.

Ranar da na hau mashin zan tafi gida na gane ba irin wannan kukan ba ne. Muna barin kwalta ɗan acaɓan ya ce mini, "Anti, rufe hancinki." Na ce da me? Ai kuwa sai ga shi. Wani wari mai ɗumi, kamar na doyar da ta ruɓe a cikin buhu, yana tasowa daga ƙasa hagu da dama. A tsakiyar damina gonar citta kore shar take yi, ba ka ganin ƙasa. Waɗannan sun yi rawaya, wasu sun kwanta gaba ɗaya. Na ga wani dattijo da na sani tun ina ƙarama zaune a tsakiyar gonarsa, ba fartanya, ba komai a hannunsa. Na ɗaga masa hannu bai ganni ba, ko kuma ya gani.

Mama ta ba ni sauran labarin tun ban ajiye jaka ba. Abin daga gefen ganye yake farawa. Kwana kaɗan sai ka taɓa karan ya tsinke a hannunka, in ka tona sai ka samu ruwa-ruwa maimakon citta. Ya fara daga gonakin kwari, yana hawowa gona bayan gona, ba ya tsallake kowa. An fesa magani iri-iri, an yi azumi, fasto ya zaga da dattawan ikilisiya suna addu'a a bakin gonaki. Mutane sun sayar da aladu da awaki sun zuba kuɗin a ƙasa, ƙasa ta shanye. Kuma ba amfanin bana kaɗai ya tafi ba, har irin da za a shuka baɗi.

"Tamu fa?" na ce.

"Je ki gani," in ji Mama. Ba ta yi murmushi ba.

Gonar Baba a jikin tudu take, sama da na kowa, ruwan gonar wani ba ya gangarowa cikinta. Hanyar zuwa sai ta ratsa gonakin kwari, ta zaga bayan wani falalen dutse, sannan ta sauko ta saman gonar. Na hau dutsen na leƙa, sai da na ce ikon Allah. Kore shar, tun daga sama har ƙasa, iska tana kaɗa ta. A duk ƙauyen ita kaɗai ta rage.

Ba ni kaɗai ke hawa dutsen ba. Da yamma sai ka ga mutane sun tsaya a kai, maza da mata, suna kallon gonar shiru. Da hassada ce a idonsu da na fi samun sauƙi, don na san yadda ake yi da mai hassada. Sa rai ne. Kowa yana kallon shukarsa ta baɗi a cikin gonar ubana.

Wani mai sayen citta ya zo daga gari, ya ajiye motarsa a bakin kwalta ya hau mashin har ƙofar gidanmu. Ya ce a sayar masa da gonar a tsaye, shi zai sa mai gadi, shi zai tona in lokaci ya yi, duk don iri. Baba ya ba shi kujera, ya ba shi kunu, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce masa ya gai da gida. Lahadin da ta biyo baya, lokacin godiya a sujada, sai ga Baba ya miƙe a gaban jama'a. Ya ce Ubangiji bai bar masa gonar nan don ya fi kowa kirki ba. In Allah ya kai mu kaka, ko tsaga ɗaya ba zai shanya ba, duka iri ne, kowane gida ya zo da kwando. Majami'a ta kaure da tafi, mata suna guɗa, wasu suna kuka. Ni kuwa na kasa taya su murna, ban san dalili ba.

Na san dalilin bayan an tashi. Wani malamin gona ya zo, ya tara mu a gindin ɗorawar majami'a. Mutumin kirki ne, bai ɓoye ba, ya ce su ma ba su gama gane cutar ba. Abin da suka sani shi ne tana zama a cikin ƙasa. Ruwa yana ɗaukar ta, fartanya tana ɗaukar ta, taɓon da ya manne a ƙafa ko a takalmi yana ɗaukar ta. Ya ce duk mai gonar da ta tsira ya rage shiga cikinta, in kuma dole ne, a wanke ƙafa da kayan aiki da ruwan bilic, irin na wanke fararen kaya. Mutane suka gyaɗa kai. Na duba Baba, yana can yana gaisawa da wani.

Ga shi kuma ciyawa ta taso a gonar. Citta ba a yi mata noma da fartanya in ta yi girma, da hannu ake cira, a sunkuye, kuma in aka bar ciyawa ta rufe ta sai ta tsumbure. Dole a shiga.

Na sami Baba yana gyaran ƙotar gatari na ce, "Baba, cirar nan mu yi ta mu kaɗai. Ni da kai da Mama, kaɗan-kaɗan."

"Kafin mu kai tsakiya farkon ya sake fitowa."

"To a ɗauko yara daga gari, in saya musu sababbin takalman ruwa. Ni zan biya."

Ya ɗago ya dube ni. "Malama, kin taɓa ganin na biya mutum ya sunkuya a gonata?"

"To kada ka kira gayya. Don Allah, bana kaɗai."

"Ban kira ba," in ji shi. "Su suka ce za su zo."

Haka ne kuwa. Matar yayan Baba, wanda ya rasu tun ina firamare, ita ta haɗa abin. Mama Babba muke ce mata, Baba kuma Yaya yake kiranta. Ita ta goye ni lokacin da Mama ta kwanta ciwo, a bayanta na koyi waƙoƙin sujada. Gonarta tana cikin na farko da suka mutu. Ta bi matan zumuntar majami'a gida-gida ta ce tunda mutumin nan ya ba mu gonarsa, ai tamu ce, mu je mu cire mata ciyawa. Wa zai ce a'a? Ba su da wani aikin ma, nasu duk ya ruɓe.

Na aika aka sayo mini bilic a Kwoi. Ranar gayya na riga kowa fita, na ɗauki babban bahon Mama, na cika shi da ruwan rafi, na zuba maganin, na ajiye a ƙarƙashin dutse daidai inda ake sauka gonar. An kwana ana ruwa, hanya ta yi caɓa-caɓa.

Tun daga nesa na ji waƙarsu. Da suka fito ta bayan dutsen sai na ga ban taɓa ganin gayya mai yawan wannan ba. Mata da zannuwan aiki, maza, har tsofaffin da suka daina fita gona. Ban kalli fuskokinsu ba, ƙafafunsu na kalla. Jan taɓo har ƙauri. Sun ratso ta gonakin kwari, kuma na san halin manomi, ba wanda zai wuce gonarsa bai shiga ya tona gindi ɗaya ya duba ba, ko da ya san gawa ce.

Na tare hanya na gaishe su da ladabi, Allah shi ne shaida da ladabi na fara. Na ce, "Iyayena, don Allah kowa ya sa ƙafa a ruwan nan kafin ya shiga. Kun ji abin da malamin gona ya ce."

Wata ta yi dariya ta ce yau kuma asibiti muka zo? Wani saurayi ya ce bari ya kawo soso da sabulu a yi masa wanka gaba ɗaya. Aka yi dariya. Na baya ba su ji abin da ake yi ba, suna ta turowa, na ga wasu sun fara zagayawa ta gefena za su sauka. Nan raina ya ɓaci. Ni dama bakina ba linzami in na hasala, kowa ya san ni.

"Ku tsaya!" na daka musu tsawa. "Haba! Naku ya mutu, kun kwaso mutuwar a ƙafa kun kawo mana? Ku ne za ku kashe gonar nan! Ku dubi ƙafafunku!"

Suka duba kuwa, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Mama Babba tana gaba, dab da ni. Ta daɗe tana kallon nata.

Ban ji zuwan Baba ba. Na dai ga ya sunkuya ya kama bakin bahon ya kifar, ruwan ya malale cikin gefen gonar. Bai ɗaga murya ba. Da yarenmu ya yi magana, wanda ba ya yi mini sai abu ya kai maƙura. Ya ce a gonarsa ba a wanke mutum. Sannan ya juya ga jama'a da Hausa ya ce, "Ku yi haƙuri. Yarinya ce, boko ya ɗaga mata kai. Yaya, ku shigo."

Mama Babba ba ta motsa ba. Ta ce a hankali, "Ko dai mu ɗauraye ɗin? Ai ba wani abu."

"In kika wanke ƙafa don ki shiga gonata, ba ni ba ke har abada," in ji Baba.

Suka shiga. Na zauna a kan dutse ina kallonsu suna bazuwa cikin koren nan, ina kuka don haushi. Sun yi aikin tsaf, kafin rana ta karkata babu ciyawa ko ɗaya, amma ba su sake ɗaga waƙa ba. An ce na yi rashin kunya. Na yi. In za a maimaita safiyar nan zan ƙara yi, sai dai in rage ladabin farko don kada in ɓata lokaci.

Ni da Baba muka daina magana, sai gaisuwa. Kullum da safe sai in hau dutse in duba. Kore. Gobe ma kore. Aka yi mako, aka shiga wani, gonar sai ƙara kyau take yi tunda an cire mata ciyawa. Baba ya koma fito da baki yana waƙar sujada in yana wanke fuska. Wata safiya ya wuce ni ya ce, "Malama, ina mutuwar taki? Ko ta ɓata hanya?" Na yi dariya, kuma da gaske na yi. Ban taɓa son in zama maƙaryaciya kamar a kwanakin nan ba.

Sai wata safiya na ga rawaya. 'Yar kaɗan ce, a saman gonar, daidai inda ake sauka. Na tsaya ina ta kallo ina ce wa kaina hasken rana ne. Na je na kira Baba.

Ya duba ya ce, "Maganinki ne. Nan ya zube, shi ya ƙona ganyen."

Wayyo, yadda na so ya zama haka! Na ce ai kuwa, lallai shi ne, Baba, laifina ne. Muka tsaya muna gyaɗa wa juna kai kamar yara. Amma ba wanda ya tafi. Can sai ya durƙusa ya kama kara ɗaya, ko ja bai yi ba ya tsinke. Ya cusa yatsu a ƙasa ya tono. Abin da ya fito ya narke a tafin hannunsa, warin nan na kan hanya ya buge mu. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya goge hannunsa a ciyawa ya tashi.

Kwana kaɗan rawayar ta ci saman gonar, tana saukowa. Ƙasan dai yana nan kore, fiye da rabi. Na hau mashin na je na nemo malamin gona. Ya zo ya duba daga kan dutse, ya ce akwai dabara ɗaya, ba ya kuma ba da tabbaci. A tumɓuke masu ciwon da ƙasarsu a fitar waje, a haƙa lambatu mai zurfi ya ratsa gonar daga gefe zuwa gefe, don ruwan sama ya kauce kada ya gangara kan masu lafiya. Ya ce a yi kafin babban ruwa na gaba. A lokacin kuwa kusan kullum da rana hadari yake haɗuwa. Aiki ne na hannu da yawa, na safiya ɗaya.

Tun da labarin rawayar ya bazu, ba wanda ya sake hawa dutsen. Gidanmu da ba ya rabuwa da baƙi ya zama shiru. Mama Babba takan zo gaisuwa, amma sai ta tsaya a waje bayan danga ta yi sallama, Mama ta yi ta fama da ita ta shigo, ita kuwa ta ce sauri take yi. Ta rame. An ce ko gonar masarar 'yarta ta daina shiga.

Baba da kansa ya bi gida-gida yana kiran gayya, abin da bai taɓa yi ba, don gayyarsa sau ɗaya ake faɗa a majami'a. Washegari suka zo da garma da shebur da kwanduna. Ba waƙa. Suka hau dutsen suka tsaya. Baba yana ƙasa a bakin gona yana yi musu sannu da zuwa, yana nuna inda za a fara haƙa. Ba wanda ya sauko.

"Ku sauko mana, rana tana yi," ya ce.

Suka kalli Mama Babba. Ta ce, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji, "Yarinya ya faɗa. Mu ne."

"Yaya, ba wanda ya sani. Malamin ma ya ce bai sani ba. Wataƙila iska ce, wataƙila ni ne da kaina."

Gaskiya ya faɗa. Har yau ba wanda zai rantse ya ce ga abin da ya kawo ta, ni ma da na yi ihun ba zan rantse ba. Amma magana ta riga ta shiga, ba ta fita.

"Ta kwari muka biyo yau ma," in ji Mama Babba. "Ba zan taka sauran ba. Ina baho?"

Baba ya roƙe su. Ubana, wanda ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba, ya cire hula yana kiran dattawa ɗaya bayan ɗaya, yana tuna musu shekarun da suka yi suna shiga gonar juna. Suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Haka aka yi ta ja har hantsi ya wuce. Gabas ta fara yin duhu. Ban jira izinin kowa ba, na ruga gida na ɗauko bahon da sauran bilic, na tsaya a rafi na cika, na hawo da shi a ka ina haki, rabin ruwan a jikina.

Na sauke a ƙarƙashin dutse na ce, "Ga shi. Kowa ya tsoma ya wuce, maza!"

Baba ya tare ni da hannu. Na zata zai sake kifarwa, na riga na buɗe baki. Sai ya jawo bahon gabansa ya durƙusa a cikin taɓo.

"Ba wanda zai sunkuya ya goge jikinsa a bakin gonata kamar an kore shi," ya ce. "In wankewa ce, ni zan wanke. Yaya, kawo ƙafarki."

"Baba!" na ce. "Dubi sama! Bari kowa ya wanke nasa, don girman Allah, mutum nawa ne a nan!"

Ko kallona bai yi ba. Mama Babba ta toshe baki da zane, ta ce ba za ta iya ba, ya ce to za su kwana a nan. Ta sauko ta zauna a gefen dutse ta miƙa. Ya wanke mata da hannunsa, tsakanin yatsu, da dunduniya, da tsagar faso, a natse, kamar ba abin da ke jiransa. Tana kuka yana wankewa. Ya gama ɗaya ya karɓi ɗaya. Wani dattijo ya matso zai tsoma nasa da kansa, Baba ya ɗago ya dube shi, dattijon ya koma layi. Wa zai ture tsoho kamar Baba a durƙushe?

Na fizgi shebur na shiga ni da Mama, da 'yan kaɗan ɗin da aka gama wankewa, muka fara haƙa kamar mahaukata. Ƙasar citta mai laushi ce amma gonar tana da faɗi. Iska ta taso mai sanyi, ganyen ya fara kwantawa. Ina haƙa ina waiwayen layin da ke kan dutse, ba ya raguwa. Ina zagi a cikin raina, ban san wa nake zagi ba. Ba mu kai ko kwata na faɗin gonar ba aka sako ruwan.

Ba yayyafi ba, ruwa na gaske. Nan da nan ya taru a saman gonar, cikin ruɓaɓɓun, ya yi ja, ya fara gangarowa. Ya cika ɗan ramin da muka haƙa, ya zaga ta inda ba mu kai ba, ya bi kunya-kunya ya shige cikin koren. Na jefar da shebur na tsaya ina kallo. Kafin hutu ya ƙare in koma Kafanchan, babu gindi ɗaya mai rai a gonar nan, irin kakanmu ya ƙare a ƙauyenmu, ba gidan da ya kawo kwando.

Amma a ranar ruwan nan, da na juya ina neman Baba don in ce masa ya duba, na ga mutanen kan dutse duk suna kallon jan ruwan, shi kaɗai ne ya ba gonar baya. Ruwan sama yana dukan wuyansa, bahon ya cika yana zuba, maganin ya daɗe da salancewa. Na san ya ji ƙarar gangarowar, manomi ne. Bai waiwaya ba. Ya saki ƙafar da ke hannunsa, ya ɗaga kai ga matar da ke biye, ya ce mata ta matso.